Uwa Ɗaya, Akurki Ɗaya, Hali Daban-Daban

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau dabbobi za mu tattauna a kai, amma ba kiwonsu ko cututtukansu ba. Halinsu za mu duba.

Bari in fara daga tsakar gidanmu. Ina yaro, ni ke watsa wa kaji tsaba kowace safiya. Akwai wata kaza wake-wake, tun ban gama buɗe ƙwarya ba ta iso ƙafata, wani lokaci har ta yi tsalle ta cafi dawa a tafin hannuna. 'Yar'uwarta ja, ƙyanƙyasa ɗaya, uwa ɗaya, akurki ɗaya, tana can gindin rumbu ta karkata kai, ido ɗaya a kan tsaba, ɗaya a sama. Sai na ja da baya, sai saura sun ci sun rage, sannan ta lallaɓo. Kakata takan ce da ni, "Ɗan nan, matsa ka ba ja wuri, ita ba ta ci a gaban mutum." In inuwar shirwa ta gifta, ja ce ta farkon shigewa ƙarƙashin rumbu. Wake-wake ce ta ƙarshe, sau da yawa da ƙwayar dawa a baki. Haka suke jiya, haka suke yau, haka suka kasance har ƙarshen kwanansu.

Duk mai kiwo ya san wannan. Makiyayi ya san saniyar da ke jan garke zuwa mashaya, ya san wadda kullum tana baya, ya san mai tunkuyi. Mai jaki ya san na kirki ya san mai gardama. Masu ilimin kimiyya ne suka makara. An daɗe masanin ɗabi'ar dabbobi in ya gwada tsuntsaye hamsin, sai ya tara sakamakon ya fitar da matsakaici, ya ce ga yadda wannan jinsi yake. Waɗanda suka kauce wa matsakaicin kuwa, a ɗauke su tamkar kuskuren awo. Lokacin da Jane Goodall ta fara nazarin birai a dajin Gombe na ƙasar Tanzaniya a 1960, ta raɗa musu sunaye, ta kuma riƙa cewa wannan mai sanyin hali ne, wancan mai zafin rai, malamai a jami'ar Kambirij sun nuna mata cewa ba haka ake kimiyya ba, lamba ake ba dabba. Sai a shekarun 1990 zuwa 2000 fagen ya buɗe sosai. A 2009 Alison Bell da abokan aikinta suka tattara bincike 114 a kan jinsunan dabbobi 98, suka ga cewa kimanin kashi 37 cikin 100 na bambancin ɗabi'ar da ake gani, bambanci ne mai ɗorewa tsakanin wannan dabba da waccan. Wato in ka gwada yau ka sake gwadawa bayan wani lokaci, mai ƙarfin halin nan ita ce dai mai ƙarfin hali.

To ina abin mamakin? Ku bi ni a hankali, domin a nan maganar take.

Hali yana bin jini, aƙalla wani ɓangarensa. Mai kiwo da ke zaɓen bijimin da zai bari a garke ya san haka. A daji kuwa ba mai zaɓe sai yunwa da fari da maƙiyi. Dabbar da halinta ya taimake ta ta rayu ta hayayyafa, ita ke barin zuriya mai yawa, halin nata ya bazu. In haka ne, bayan dubban zuriya ai kamata ya yi a ce hali mafi riba ya cinye sauran, kaji duka su zama wake-wake ko duka su zama ja. Me ya hana? Wannan tambaya ta farko ke nan. Ta biyu ta fi ta wuya. Me ya sa kazar ba za ta zama mai dabara ba, in shirwa na sama ta zama ja, in sama ta yi tsit ta zama wake-wake? Ai wannan ya fi riba. Amma ba haka ake gani ba. Tun a 1976 Felicity Huntingford ta lura da wani ɗan kifi na ruwayen Turai mai ƙaya uku a gadon baya. Wanda ya fi kusantar babban kifin da ke cin su ba tsoro, shi ne kuma ya fi faɗa da 'yan'uwansa a lokacin sheƙa. Tsaurin ido a gaban maƙiyi da faɗa a cikin dangi, abu biyu da ba su da haɗi a zahiri, sai ga su a ɗaure wuri ɗaya kamar dami. Hausawa suka ce hali zanen dutse. Masana suka ce to, wa ya zana, kuma me dutsen ya ci riba da shi?

Ba za ka iya zama shekara dubu kana kallon zuriyar tsuntsaye ba. Don haka wasu masana suka ɗauki wata hanya, suka riƙa gina abin da za mu kira samfurin lissafi. Kamar yadda magini kan zana gida a ƙasa da tsinke kafin ya ɗora tubali, haka su ma sukan ƙago 'yar ƙaramar duniya a takarda ko a kwamfuta. Su zuba mata dabbobi na ƙirƙira, su kafa dokoki kaɗan: ga abinci, ga haɗari, wanda ya samu da yawa ya haifi da yawa, 'ya'ya su gaji halin iyaye, lokaci-lokaci gadon ya ɗan sauya. Sai su sake ta ta yi gudu zuriya dubu, su ga wane hali zai saura. Samfuri ba ya cewa haka duniya take. Abin da yake cewa shi ne, idan kaza da kaza gaskiya ne, to kaza zai biyo baya. Ƙarfinsa ke nan, iyakarsa kuma ke nan.

Wanda ya share wannan fage shi ne John Maynard Smith na ƙasar Ingila. Injiniya ne tun farko, ya yi aikin lissafin ƙirar jiragen sama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga baya ya koma karatun halittu. A 1973 shi da wani Ba'amurke, George Price, suka wallafa maƙala a mujallar Nature kan dalilin da ya sa dabbobi masu ƙaho da haƙora ba su cika kashe juna a faɗa ba. Daga wannan aiki ne aka samu wasan lissafin da ya yi suna, wasan shaho da kurciya, wanda ya faɗaɗa a littafinsa na 1982.

Bari mu buga shi tare, da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin ji. Shaho da kurciya a nan suna ne na hali, ba jinsin tsuntsu ba. Dabbobi biyu ne 'yan jinsi ɗaya suka haɗu a kan abinci. Mu ce abincin darajarsa maki 6, rauni a faɗa kuwa asarar maki 18. Mai halin shaho faɗa yake yi sai ya ci ko ya ji ciwo. Mai halin kurciya in ya ga da gaske ake sai ya ja da baya. Kurciya biyu in suka haɗu, raba abincin suke yi, kowa ya tashi da 3. Shaho in ya gamu da kurciya, ya kwashe 6 duka, kurciya ta tafi hannu wofi amma lafiya lau. Shaho biyu in suka haɗu, ɗaya ya ci 6, ɗaya ya yi asarar 18, in ka raba tsakaninsu kowa ya tashi da bashin 6.

Yanzu ku ɗauka gari duka kurciyoyi ne, sai shaho ɗaya ya ɓullo. Kakarsa ta yanke saƙa. Duk wanda ya tarar sai ya ƙwace, yana cin 6 inda kowa ke cin 3, zuriyarsa ta yi ta yawa. Amma da shahuna suka yi yawa, sai suka fara karo da juna, kowane karo bashi ne. A garin da duka shahuna ne, kurciya ɗaya da ba ta samun komai ta fi kowa, domin babu ta fi bashi. Ashe kowane hali yana da riba ne muddin masu shi ba su da yawa. In ka bi lissafin, ma'aunin yana tsayawa ne a inda ɗaya cikin uku shaho ne, biyu kurciyoyi. A nan shaho na tashi da 2, kurciya ma 2, ba wanda ya fi wani. 'Yan kasuwa sun san wannan tun kafin a rubuta shi. In layi duka tumatir aka kasa, mai albasa ne ke ciniki. In kowa ya koma albasa, ranar mai tumatir ce.

An ga irin wannan a zahiri. Marla Sokolowski ta ƙasar Kanada ta gano a 1980 cewa tsutsotsin ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace iri biyu ne, masu yawo a kan abinci da masu zama wuri ɗaya, kusan kashi 70 da kashi 30. A 2007 ita da ɗalibanta suka nuna cewa in abinci ya yi ƙaranci, kowane iri ya fi rayuwa a lokacin da shi ne marar rinjaye.

Wannan ya amsa tambayar farko. Bai taɓa ta biyu ba. Domin lissafin bai damu ba ko dabba ɗaya cikin uku ce shaho kullum, ko kuwa kowace dabba ce ke yin shaho sau ɗaya cikin uku ta yi kurciya sau biyu. Duka biyun ma'auni ɗaya suke bayarwa. Wasan bai faɗa mana dalilin da ya sa wake-wake ta zama wake-wake kowace safiya ba.

A nan ne aikin da na fi so a wannan fage ya shigo. A 2007, Max Wolf da Sander van Doorn da Franz Weissing na jami'ar Groningen a ƙasar Holan, tare da Olof Leimar na jami'ar Stockholm a Suwidin, suka wallafa wani samfuri a Nature. Dabbobinsu na kwamfuta shekara biyu suke rayuwa, suna haihuwa a ƙarshen kowace shekara. A shekarar farko kowace tana da zaɓi. Ko ta ɓata lokaci tana bincika muhallinta lungu-lungu, ta haihu kaɗan bana, amma baɗi ta san inda abinci mai kyau yake ta haihu da yawa. Ko kuma ta yi binciken sama-sama, ta zuba ƙarfinta a haihuwar bana, baɗi kuwa abin da ya samu. Da suka saki samfurin, sai jama'ar ta rabu gida biyu, masu ajiya don gobe da masu ci yau, kuma duka biyun suka zauna tare, saboda wuri mai kyau ribarsa na raguwa in masu nemansa sun yi yawa.

Daga nan sai suka ƙara abu ɗaya. Tsakanin shekarar farko da ta biyu, kowace dabba za ta shiga wasu wasanni masu haɗari. Wani wasan na kiwo ne a gaban maƙiyi: ki fita fili ki ci da yawa, wataƙila a cinye ki, ko ki ɓuya ki ci kaɗan. Wani kuma wasan shaho da kurciya ne, inda faɗa kan iya kai ga mutuwa. Ba su gaya wa kwamfuta wa zai yi me ba. Kowane wasa da nasa gadon daban. Bayan zuriya masu yawa, ga abin da ya fito: masu ajiya don gobe suka zama matsorata a gaban maƙiyi, masu sanyi a gaban 'yan'uwa, a kowane wasa. Masu ci yau suka zama masu tsaurin ido a nan, mafaɗata a can, a kowane wasa. Damin nan da Huntingford ta gani a kifinta ya ɗaure kansa da kansa.

Dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya cika rumbu yana jiran bazara ba ya wasa da wuta. Wanda rumbunsa wayam, in gobara ta tashi me zai rasa? Dabbar da ke da gobe mai kyau, mutuwar yau babbar asara ce gare ta, ko daga bakin maƙiyi ta zo ko daga ƙahon ɗan'uwa. Shi ya sa take taka-tsantsan ko'ina. Wadda gobenta ba ta da auki, duk abin da za ta samu yanzu ne, don haka take kutsawa ko'ina. Wani masanin lissafi a Kanada, Colin Clark, ya riga ya bayyana wannan ƙa'ida ta kare dukiya a 1994. Abin da mutanen Groningen suka ƙara shi ne nuna cewa ita kaɗai ta isa ta haifar da hali mai ɗorewa.

Abin da ya taɓa ni a wannan aiki shi ne mutuncin da ya maido wa matsoraci. Mun saba cewa matsoraci ba ya zama gwani, muna kallon jar kazar nan kamar wadda aka rage wa wani abu. Samfurin yana cewa a'a, tsoron nata lissafi ne, lissafin mai abin da zai rasa.

Sai dai ba a bar mutanen Groningen sun sha ruwa ba. A cikin shekarar ta 2007, Richard McElreath da Barney Luttbeg da Andrew Sih da wasu abokan aikinsu suka aika wa mujallar da suka, kuma sukar tana da nauyi. Suka ce, to mai tsaurin idon nan da ya kutsa ya ci ya ƙoshi bai mutu ba fa? Ai yanzu shi ma ya tara abin da zai rasa, sai ya koma mai taka-tsantsan. Mai ɓuya kuma in ya daɗe yana ɓuya, ajiyarsa ta ƙare, yunwa ta fito da shi. Kenan ƙa'idar kare dukiya tana jan kowa ne zuwa tsakiya, a kwana a tashi bambancin ya shafe. Samfurin Groningen yana aiki ne in ribar kowane wasa ƙarama ce, ba ta isa ta sauya matsayin dabba ba.

Wannan gardama ta haifi tunani mai amfani. A 2010 Luttbeg da Sih suka gina nasu samfurin, suka juya akalar. Suka ce a dabbobi da yawa, wanda ya ci ya girma ya fi tsira, domin ya fi gudu, ya fi ƙarfi, ko ya fi ƙarfin bakin maƙiyi. In haka ne, ɗan kifin da ya yi sa'ar samun abinci a makon farko zai ɗan fi saura girma. Girman ya rage masa haɗarin fita, fitar ta ƙara masa abinci, abincin ya ƙara masa girma. Ɗan'uwansa da bai yi wannan sa'a ba yana nan a ɓoye, ƙarami, kuma ƙanƙantarsa ce ke ƙara tsare shi a maɓoya. Tazarar da ta fara kamar ƙwayar gero ta zama hali na har abada. Mai jari shi ke ƙara jari.

Ku lura, jama'a, samfuran nan biyu kishiyoyin juna ne. Ɗaya ya ce mai ƙoshi ne zai yi tsoro, ɗaya ya ce mai ƙoshi ne zai yi tsaurin ido. Kuma duka biyun lissafinsu daidai ne. Takarda ba za ta raba wannan gardama ba, sai an shiga daji.

A wani dutse da ake kira Ram Mountain a lardin Alberta na Kanada, masana sun shafe shekaru da dama suna bin tumakin daji masu manyan ƙahoni. Shinge suke kafawa su sa gishiri a ciki, kamar yadda makiyayi ke kiran dabbobinsa da kanwa. Wasu tumakin suna shiga a kai a kai, wasu sai da ƙyar. Denis Réale da Marco Festa-Bianchet suka mai da wannan ma'aunin ƙarfin hali. Suka ga masu ƙarfin halin sun fi saurin fara haihuwa. Sannan aka yi wasu shekaru da wata dabba dangin damisa, wadda ake kira puma, ta addabi garken. Kowa zai zaci masu tsaurin ido ne za su fara ƙarewa. Sai ga shi su ne suka fi tsira.

Amma binciken da ya fi nuna yadda abin yake da sarƙaƙiya a ƙasar Holan aka yi shi, a kan wani ɗan tsuntsu mai baƙin kai, farin kumatu, ƙirji ruwan ɗorawa, nauyinsa wajen giram 18, masana na kiransa Parus major. Ga yadda ake gwada shi. A kamo shi daga daji, ya kwana a keji. Da safe a buɗe masa wata 'yar ƙofa zuwa ɗakin da bai taɓa gani ba, babu komai a ciki sai bishiyoyin katako guda biyar. Mai bincike yana laɓe a bayan gilashi yana ƙirga sau nawa ya tashi, sau nawa ya yi tsalle daga reshe zuwa reshe cikin minti biyu. Wani kafin ka ƙifta ido ya zagaye bishiyoyin duka. Wani zai sauka a ta farko ya tsaya, ya duba nan ya duba can, kamar baƙo a gidan surukai. A sa masa zobe a ƙafa a mai da shi inda aka kamo shi. Piet Drent da abokan aikinsa sun haɗa masu sauri da masu sauri, masu nawa da masu nawa har zuriya huɗu, suka tabbatar a 2003 cewa halin yana bin gado, kusan rabinsa.

Sai Niels Dingemanse ya bi waɗanda aka saka a wani daji kusa da birnin Arnhem, shekara uku, don ya ga wa ke rayuwa. Abincin tsuntsayen nan a lokacin sanyi ya dogara da 'ya'yan wata bishiya ta dazukan Turai da ake kira bic, wadda wata shekara takan yi 'ya'ya jingim, wata shekara ta ƙi. Cikin shekarun nan uku, biyu na yunwa ne, ɗaya ta yalwa. A shekarun yunwa, mata masu sauri ne suka fi rayuwa, a maza kuwa masu nawa. A shekarar yalwa sai abin ya juye sarai: mata masu nawa, maza masu sauri. Bayanin da suka bayar shi ne, a lokacin yunwa macen da maza ke danne wa a wurin abinci tana bukatar kutse kafin ta ci. A shekarar yalwa kuwa tsuntsaye da yawa ne ke tsallake sanyi, sai rikicin ya koma kan fili a lokacin sheƙa, kuma wannan rikicin maza ne. An wallafa wannan a 2004. Halin da ya cece ka bana shi zai iya kashe ka baɗi, kuma halin da ya ceci uwa ba shi ne zai ceci ɗanta namiji ba. Manomin da ke shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya don bai san yadda damina za ta zo ba, zai gane wannan ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Akwai wata hanya kuma da masu lissafi suka bi, zan taɓa ta a gurguje. A 2009 John McNamara na jami'ar Bristol da abokan aikinsa suka nuna cewa idon jama'a ma yana iya kafe hali. In dabbobi sun bambanta, to akwai riba ga mai lura da wa ya yi me jiya. In kuma akwai masu lura, to akwai riba ga wanda aka san shi da hali ɗaya, domin da shi ake yarda, ko kuma shi ake kauce wa ba sai ya yi faɗa ba. Bambanci ya haifi masu sa ido, masu sa ido suka ƙara kafe bambanci. Duk wanda ya taɓa zama a ƙauye ya san nauyin kalmar nan, "ai an san shi."

Wani zai ce, malam, duk wannan me zai ƙara mini? Ga misali ɗaya. A wani bincike da aka wallafa a 2008, Peter Biro da John Post sun zuba kifaye iri biyu a wasu ƙananan tafkuna a Kanada, iri mai saurin girma da tsaurin ido, da iri mai jinkirin girma da tsoro. Suka kafa raga irin wadda ake bari a ruwa kifi ya zo ya maƙale. Masu tsaurin idon sun faɗa ragar ninki uku na matsoratan, kuma ba don girman jiki kaɗai ba, don su ne masu yawo. Ma'ana, raga tana tsince kifin da ya fi saurin girma, ta bar wa tafki matsorata masu jinkiri su hayayyafa. Shekara da shekaru a haka, masunci da hannunsa yake sauya irin kifin da jikokinsa za su tarar. Ina ganin wannan tambaya ce da ta cancanci masu bincikenmu su yi ta a Kainji da Tafkin Chadi, tare da masuntan da suka fi kowa sanin ruwan. Haka ma masu mai da namun daji cikin gandu bayan an rene su a hannu: dabbar da ta fi jure keji, ta fi sakewa da mutum, ba lalle ita ce za ta fi jure daji ba.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. A kogunan kudancin jihar Texas da arewa maso gabashin Meziko akwai wani ɗan kifi da ake kira Amazon molly. Duka mata ne. Uwa takan haifi 'ya'yan da ƙwayoyin gadonsu nata ne sak, ba ragi ba ƙari, kamar an buga hatimi. Max Wolf ɗin nan na samfurin 2007, bayan ya koma wata cibiyar binciken ruwa a birnin Berlin na Jamus, shi da David Bierbach da Kate Laskowski suka ce bari su cire duk abin da aka ce yana kawo bambanci. Gado ɗaya ne. Da haihuwa suka raba 'ya'yan, kowace a tankinta ita kaɗai, tankunan iri ɗaya, ruwa ɗaya, abinci ɗaya, haske ɗaya. Ba maƙiyi, ba kishiya, ba mai sa ido. Bisa ƙa'ida, kamata ya yi su tashi kamar an tsaga kara. Da aka gwada su, sai ga wata mai yawo, wata mai lafewa, kuma kowace ta riƙe nata. Sun wallafa wannan a 2017. Suka sake komawa, wannan karo da kyamara a saman kowane tanki tana ɗaukar motsin kifin tun daga haihuwa har mako goma. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bambancin yana nan tun ranar farko ta rayuwa, kuma tazarar ƙaruwa take yi da kwanaki. Masu binciken suna zaton wasu ƙananan abubuwa ne tun a cikin uwa, ko ɗan bambancin abin da kowane ƙwai ya samu, ko sa'a tsagwaronta a yadda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa. Mutumin da ya gina samfurin da ya bayyana hali da dukiya da gobe, shi ne ya tsaya a gaban tanki yana kallon 'yan kifaye masu kwana ɗaya a duniya, ba su tara komai ba, ba su ga komai ba, amma tuni wannan wake-wake ce, waccan ja.

Lokacin da aka ɗiba mana ya cika.  

(Kiɗan rufe shiri)